Allurar da Na Yi wa Kawu Kafin In Zama Likita

Malam Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin ni kaɗai ne mai laifi a cikin labarin.

A farkon shekarun tamanin ina saurayi ɗan shekara ashirin, ɗalibi a ajin share fage na kimiyya a jami'a, ba ni da buri a duniya sai a ɗauke ni karatun likita. Mu 'yan asalin Sharaɗa ne. Inda gonar kakana take a da, kamfani ne a wurin tun ina yaro, shi kuwa mahaifina da gonar ta tafi sai ya kama aiki a majemar fata a Challawa, kullum ya dawo da warin da sabulu ba ya fitarwa. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a, kuma wallahi na san da haka fiye da kima. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba. Ko ɗan wake zan saya sai na cusa Turanci. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa ga mu nan tuli, don haka sai ka ci jarrabawa da kyau, sannan a kira ka intabiyu gaban manyan malamai. Waɗanda suka riga mu shiga suka ba mu shawara cewa duk wanda ya je da takardar shaida daga wani wurin shan magani, cewa ya taɓa zama ya ga yadda ake aiki, to ya ɗara na baya. Tun daga ranar takardar nan ta tsaya mini a rai.

Matsalata ta fara ne daga igiyar shanya. Akwai wata farar kwat da ake tilasta mana sawa a ɗakin gwaje-gwaje don kada sinadari ya ɓata mana kaya, ba ta da wata alaƙa da asibiti. Da na zo dogon hutu sai Inna, mahaifiyata, ta wanke ta, ta sa mata bula, ta shanya a tsakar gida. Matan da ke shigowa sayen ƙuli-ƙuli suka gani. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa ɗan gidan Malam ya zama likita. Kun san halinmu, yaro na fara makarantar horon malamai ake ce masa Malam, wanda ya biya kuɗin kujera tun bai ga jirgi ba ya zama Alhaji. To ni ma haka aka yi mini, kowa Likita, Likita. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce ban kai ba tukuna, da magana ta ƙare. Amma sunan ya yi mini daɗi. Sai in gyara murya in amsa, har tsofaffi su tare ni a ƙofar masallaci suna nuna mini gwiwa da idon sawu, ni kuma ina gyaɗa kai kamar na san abin da nake kallo.

A shagon ƙofar gidanmu akwai wani mutumin kudancin Kaduna da yake haya tun ina firamare. Kirista ne, iyalinsa suna can ƙauye, da albashinsa suke ci suke karatu. Mahaifina ya riƙe shi kamar ƙaninsa, shi ya sa duk muke ce masa Kawu. A wani kamfanin takalma yake aiki a nan Sharaɗa, a kan inji mai feda, yini yake yana takawa yana ɗagawa da ƙafar dama. Mutum ne mai barkwanci, ba ya raina abin dariya. Shi ya riƙa kawo mini tsofaffin jaridu daga ofishin kamfaninsu don in iya Turanci, shi ya ɗaura akwatina a bayan kekensa ya kai ni tasha ranar da zan tafi jami'a. Da ya ji ina neman wurin da zan samu takarda, ko shawara bai yi da ni ba, ya je ya samu ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin shan magani na kamfaninsu, wadda cocinsu ɗaya, ya ce mata ɗansa ne. Kowa Sista yake ce mata. 'Yar Filato ce, dattijuwa, gajera, mai faɗa da tsafta. Ta amince in riƙa zuwa har ƙarshen hutu.

Aikina a wurin uku ne: in rubuta sunan mara lafiya a kati, in yanka bandeji, in tafasa sirinji na gilashi a cikin wata 'yar tukunya. Sista ta gaya mini tun ranar farko cewa hannuna ba zai taɓa jikin kowa ba. Ba ta taɓa ce mini Likita ba, sai dai ɗan jami'a, kuma yadda take faɗa ɗin ma yana ƙona mini rai. Wata rana tana shirin yi wa wani lebura allura sai ta kira ni, ta ce in matso ta nuna mini yadda ake raba mazaunin mutum gida huɗu da ido, da kuma gidan da ake sokawa, domin akwai abin da ake gudu a sauran. Leburan ya waiwayo yana kallona, kuma ɗan unguwarmu ne, cikin masu ce mini Likita. Sai girman kai ya kama ni. Na ce mata ai na riga na karanta wannan a littafi. Ta dube ni ta ce to madalla, ta juya ta yi aikinta, ni kuma na koma kan tukunyata. Ban karanta komai ba. Abin da aka koya mana a aji bai wuce feɗe kwaɗo da ɓera ba. Amma in na koma gida aka zauna hira a dakali, sai in riƙa cewa yau mun yi wa mutum goma allura, yau mun ɗinke wani da inji ya yanka. Wannan kalmar ta "mun" ita ta kashe ni.

Lokacin kuwa kamfanoni sun shiga wani hali. Kayan aiki sun daina shigowa, kullum sai ka ji an rage ma'aikata a Bompai, an rufe wani sashe a Challawa. Ma'aikata suka yi imani cewa duk wanda katinsa ya cika yawan zuwa ɗakin shan magani, ko aka rubuta masa hutun rashin lafiya, sunansa ne zai hau saman takardar sallama. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba, amma na ga yadda layin Sista ya ragu. Mutum yana rawar sanyi zai tsaya a kan inji har jiniya ta yi kuka, sannan ya biya kemis. Kuma a wurin mutanenmu ƙwaya wasa ce, allura ita ce magani.

Wata Lahadi da rana Kawu ya dawo daga coci yana karkarwa, zazzaɓi ya rufe shi. Ya aika aka kira ni. Na tarar da shi a kwance cikin bargo, ga kwalbar allurar zazzaɓin cizon sauro da sirinji a kan tebur, ya saya a kemis a hanya. Ya ce ba ya son sunansa ya shiga katin Sista a wannan marra, gobe Litinin dole ya tsaya a kan injinsa, kuma ga likita har gida Allah ya ba shi, me zai kai shi hannun wani. Har da dariyarsa, wai shi ne zai zama mara lafiyana na farko a unguwa, in na yi suna kada in manta da shi. Malam Edita, a wannan lokacin zuciyata ta gaya mini gaskiya ƙarara. Na san ban iya ba. Kalma uku ce kawai tsakanina da tsira, in ce ban iya ba. Amma sai na tuna hirar dakali, na tuna Kawu yana cikin masu saurare yana washe baki. Na ga in na faɗi haka, ƙaryata ta watse. Sai na ce ya ba ni minti biyu. Na shiga gida na ɗauko farar kwat ɗin nan na saka, na dawo na tafasa sirinjin a butar shayinsa a kan risho, yadda na iya, domin shi kaɗai na iya.

Na soka a tsakiyar mazauninsa na dama, inda na ga tsoka ta fi yawa, don a tunanina nan ne ya fi aminci. Kawu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Ya ce wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga masa tun daga sama har babban ɗan yatsa. Maimakon in zare, sai na ƙarasa tura maganin, na ce masa ai ƙarfin allurar ke nan, alamar tana aiki. Da bakina na faɗi haka. Ya ce to Likita, kai ka sani.

Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ba ta tashi ba. Washegari da safe na ji shi yana fita, takalminsa na dama yana jan ƙasa. Ya kasa ɗaga tafin ƙafar, sai dai ya ɗago gwiwa sama ya jefa ta. Ya tura kekensa har kamfani don ya kasa hawa. Kwana uku yana fama da feda, yana ɓata fata, har foman ya gaji ya kore shi zuwa wurin Sista, wurin da ya yi duk wannan don ya guje masa. Ina zaune da kati a hannu ya shigo. Sista ta kwantar da shi ta duba, ta soka masa tsinke a bayan ƙafa bai ji ba, ta ga tabon allurar. Nan take fuskarta ta canja. Ta tambaye shi wane mara tsoron Allah ne ya yi masa wannan aiki, domin an taɓa babbar jijiyar ƙafa. Na san in sunana ya fito, ba takarda kaɗai zan rasa ba, Sista mace ce da za ta iya rubutawa har jami'a, kuma da gaskiyarta.

Kawu bai ko kalli inda nake ba. Ya ce wani mai yawo da akwatin magani a keke ne ya yi masa a bakin kasuwa, bai san sunansa ba, bai san inda yake ba. Sista ta yi ta faɗa, ta ce irin waɗannan mutanen sun fi cuta kisa. Sannan ta juyo gare ni. Ta ce ɗan jami'a, matso ka kalli ƙafar nan da kyau, in Allah ya sa ka zama likita kada ka manta da ita, wannan shi ne ƙaramin sani ƙuƙumi. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin da ya kamata a yi allurar, can sama ta gefe, sannan ta nuna mini inda jahilin ya soka. Ta ce in rubuta a kati cewa mai maganin kan titi ne ya yi. Na rubuta da hannuna, da ɗaya daga cikin biron nan uku.

An tura shi babban asibiti, an yi ta gashin ƙashi wata da watanni, ƙafa ta ɗan motsa amma ba ta koma daidai ba. Da aka tashi rage ma'aikata, yana cikin rukunin farko. Ni kuwa a ƙarshen hutu Sista ta sa akawun kamfani ya buga mini takarda, ta sa hannu, har ta ba ni kwafin kabon. A ciki ta ce ni yaro ne mai gaskiya, mai tsafta, wanda ya san iyakarsa. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nawa labarin ni na ja, Kawu ya jiƙe. Mahaifina ya ce masa ya ci gaba da zama a shagon ko ba aiki, ya ƙi, ya samu gadin wani sito a Bompai ya koma ɗakin bakin ƙofa. Ranar da zai tashi na fake da ciwon kai na ƙi fitowa. Ta taga na ji yana tambayar Inna ina Likita, ya ce a gaya mini in dage da karatu.

Duk wannan da na faɗa, akwai wanda ya fi shi muni, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Ranar intabiyu na shiga na tarar da malamai huɗu a bayan dogon tebur. Suka duba sakamakona, suka karanta takardar Sista. Sai wani dattijo mai furfura ya tambaye ni me ya sa nake son zama likita. Na shirya amsa tun a mota, irin ta taimakon al'umma da kowa ke faɗa, amma sai na ga sun gaji da jin ta. Kafin in ankara bakina ya kama ba su labarin wani maƙwabcinmu, ma'aikacin kamfani mai iyali, wanda wani jahili mai yawo da allura ya nakasa shi har ya rasa aikinsa. Na ce tun daga ranar na yi alkawari zan yi karatu don in raba mutanena da irin waɗannan azzalumai. Muryata har rawa take, su kuma suka ɗauka tausayi ne. Dattijon ya cire tabarau ya ce irin waɗannan yaran suke nema. Na nakasa mutum, ya rufa mini asiri, sannan na ɗauki ƙafar tasa na taka na haye. Da sunaye suka fito, nawa na ciki. A gida aka yi ta guɗa, Inna ta yi sadakar waina, ni kuwa ko ɗaya ban taɓa ba.

Na yi karatu, na gama, na yi aiki a garuruwa. Bompai kuwa ko hanya ta biyo da ni sai in canja titi. Na ji labarin ya bar gadi ya koma ƙauyensu. Ban neme shi ba, kunya ta hana ni, kuma kullum kunyar ƙaruwa take. Sai da mahaifina ya rasu, ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida, na ji wani sauti daga bakin layi, takalmi yana jan ƙasa. Tun ban ɗaga kai ba na san ko wane ne. Ya tsufa, ya rame, yana dogara sanda, tun daga kudancin Kaduna ya hawo mota don ya yi mana gaisuwa. Ya zauna a gefen tabarma har aka shafa. Da zai tafi na ce ni zan raka shi. Mun kusa titi na durƙusa a gabansa, da babbar rigata da komai, na ce Kawu ku yafe mini. Ya ce in tashi mutane na kallo. Ya ce shi tun a ɗakin Sista ya yafe, domin ya duba ya ga ƙafa ta riga ta tafi, bai ga amfanin ya haɗa mata da karatuna ba, kuma shi ma da laifinsa tunda shi ya kira ni. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa komawa na gaya wa Sista. Na ce a'a. Ya ce shi ya ɗauka in na samu shiga likitanci zan je, da ban je ba ya ce wataƙila sai na gama. Ya ce ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma har ta koma ga Mahaliccinta tana alfahari a coci cewa akwai wani likita mai gaskiya da ya fara daga tukunyarta.

Mota ta tsaya, na kama shi ya hau, sai da ya sa hannu ya ɗago ƙafar ya shigar da ita. Ya leƙo ta taga da murmushin nan nasa na da, ya ce, "Likita, yanzu dai ka san wurin da ake yin allurar ko?" Na ce na sani, Kawu. Ya ce to alhamdu lillahi, ƙafar ba ta tafi a banza ba. Motar ta ja, ban gaya masa zancen intabiyu ba. Ko a ranar ma ban cika namiji ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Kwafin takardar Sista yana nan a akwatina, ya yi ja, kuma duk lokacin da na kai layin da ta ce na san iyakata sai in ninke. Na duba dubban marasa lafiya, wasu sun yi mini addu'a, amma ban taɓa jin cewa kujerar nan tawa ce ta halak ba. Ku ɗalibai masu neman shiga likitanci, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, ku yi karatu, ku nemi wurin koyo, ku nemi takardarku, duk daidai ne. Amma in wadda ta fi ku sani ta ce ku matso ta nuna muku, ku matsa, ko da ba ta taɓa ganin ƙofar jami'a ba. In aka miƙo muku abin da ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba, kunyarta ta yini ɗaya ce. Ku kuma iyaye da maƙwabta, don Allah ku bar yaro ya kai kafin ku raɗa masa suna, domin wani yaron zai yarda da ku. Ni na yarda. Yau shekara da shekaru ana ce mini Likita da gaskiya, da takarda da hatimi, amma har gobe in aka kira ni da sunan nan a bayana, kafin in waiwaya sai na ji takalmin Kawu yana jan ƙasa.